Yadda ake ƙaura da lambar WhatsApp ta kasuwanci daga wani asusu zuwa wani

Wannan bayani na masu lambar da ke kan WhatsApp Cloud API ne, wato lambar da ba ta zaune cikin wayar kowa. Tana kan sabobin kamfanin Meta, wato manyan kwamfutocinsa, ma'aikata suna amsa saƙonninta daga kwamfuta, manhaja kuma tana tura wasu da kanta: sanarwar isowar kaya, tunin ranar ganin likita, rasiɗin kuɗin makaranta. Tun da Meta ta buɗe wannan tsari ga kowa a 2022, yawancin masu kasuwanci ta hannun dillali suke shiga, wato kamfanin da ke ba su akwatin saƙonni yana karɓar kuɗin wata. Idan kuwa WhatsApp Business ɗin da ke cikin wayarka kake nufi, wanda ka sauke da kanka, wannan hanya ba ta shafe ka ba.

Dalilan ƙaura ba su da yawa. Dillali ya tsauwala farashi, ko in an samu matsala sai a yi ta aika masa yana shiru, ko kun ɗauki naku mai haɗa manhaja kuna so ku riƙa biyan Meta kai tsaye. Ƙaurar kanta ba ta kai tsawon shayi ɗaya ba. Abin da ke cin makonni shi ne gano wanda ke riƙe da layin, da wanda ke riƙe da asusun, don haka a nan za mu fi daɗewa.

Abin da ke bin lambar, da abin da ke zama

Lambar tana tafiya da sunan da abokan ciniki ke gani, da darajar ingancinta, da matakin yawan mutanen da za ta iya fara yi wa magana a rana, da alamar tabbaci in tana da ita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: sabon shiga yana farawa ne da mutum 250 a cikin awa 24, sai a hankali ake ɗaga masa. Samfuran saƙo, waɗanda Meta ta amince a riƙa turawa, ana kwafe su zuwa sabon asusu, amma waɗanda aka amince da su kuma ingancinsu ke kore, wato mataki mafi kyau, kaɗai. Wanda ke jiran amsa, da wanda aka ƙi, da wanda darajarsa ta faɗi, duk can za su zauna.

Tarihin hira ba ya bi. Kundin hajoji ma ba ya bi, sai an sake haɗa shi. Kamar mai tashi daga rumfa ne a kasuwar Katako: suna da masu saye za su bi shi sabon wuri, amma in ya bar littafin bashi a tsohuwar rumfa, sai yadda mai rumfar ya ga dama. Meta ba ta ajiye saƙonnin Cloud API fiye da kwana 30, saboda haka duk hirar da kuke gani ta shekara biyu ko uku, a rumbun dillali take.

Mataki na farko: gano asusun wa ne

Asusu biyu ne a jere, kuma rikita su ne ke jawo rabin wahalar. Akwai uwar asusu, babban asusun kasuwanci na Meta da ake shiga ta business.facebook.com, inda shafin Facebook da asusun talla suke. A ƙarƙashinta kuma akwai asusun WhatsApp na kasuwanci, wanda ake taƙaita sunansa da WABA, nan ne lambar take. Ƙaura ana yin ta ne daga WABA zuwa WABA, uwar asusu kuwa ɗaya ce ba ta canzawa. Tsohon da sabon duka su zama na kasuwanci ɗaya.

Shiga saitunan uwar asusun, ka buɗe sashen asusun WhatsApp, ka duba sunan da aka rubuta a matsayin mai shi. In sunan kamfaninku ne, kuma kana da cikakken iko, alhamdulillahi, ka wuce gaba. In wani matashi ne ya buɗe muku a ƙarƙashin tasa uwar asusun lokacin da ya haɗa muku aikin, to lambar a hannunsa take ko da takardar layin na aljihunka. Mafita biyu ce. Idan saboda ku kaɗai ya buɗe wannan uwar asusu, ya saka ka da cikakken iko, sannan ya fita. Idan ya cusa wasu abokan cinikinsa a ciki, ba zai iya ba ka ba, sai dai a cire lambar a sake yi mata rajista daga tushe, a rasa daraja da matakin da ta kai. Ko wannan ma ba ya yiwuwa nan take, domin Meta ba ta barin a goge lambar da ta tura saƙon da ake biya wa kuɗi cikin kwana 30 da suka wuce.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a fara faɗa da tsohon mai aikin kafin a karɓi abin da ke hannunsa. A biya shi ragowar haƙƙinsa, a yi magana ta mutunci, in akwai ƙorafi ya biyo baya.

Tun kana wurin, ka tabbatar Meta ta tantance kasuwancin. In ba ta yi ba, za a nemi takardun kamfani, irin su RCCM da NIF, kuma sunan da ke jikinsu ya zama daidai da wanda ke cikin asusun, harafi da harafi. Tantancewar kan ɗauki kwanaki, kada ka tsayar da ranar ƙaura sai ta fito.

Mataki na biyu: nemo layin

Lambar da ke kan Cloud API ba ta buƙatar sim a cikin waya don ta yi aiki. Ranar rajista kawai aka buƙace shi, daga nan aka jefa shi cikin durowa, ko aka bar shi a wayar wanda ya sayo shi. Ƙaura kuwa ba ta yiwuwa sai an karɓi lambobin tabbatarwa guda shida a kan wannan layi, ta gajeren saƙo ko ta kira.

Ɗauki misalin ƙungiyar masu albasa a Tawa da ke sanar da ƴan kasuwa farashin buhu da ranar lodi. An buɗe lambar da layin ɗan ma'aji, domin shi ne ya iya waya a lokacin. Yaron ya tafi bida Abijan, sim ɗin na cikin wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi a ɗakin mahaifiyarsa, ba a sa masa ko dala ba tun bara. Saƙonnin ƙungiya na tafiya lafiya lau, babu wanda ya lura. Layin da ya daɗe ba a taɓa shi ba kuwa, kamfanin waya na iya karɓe shi ya sayar wa wani, ko Airtel ne, ko Moov Africa, ko Zamani Telecom, ko Niger Telecoms.

Saboda haka ka saka sim ɗin a waya tun mako guda kafin ranar, ka sa masa kuɗi, ka kira shi, ka tura masa saƙo ka ga ya shiga. In ya ɓata, a je ofishin kamfanin wayar da katin shaidar wanda sunansa ke kan layin a sake fitar da shi. In layin na wani ma'aikaci ne, wannan ce damar mayar da shi sunan kamfani. Lambar tebur, irin masu farawa da 20, ba ta karɓar gajeren saƙo, kira za ka zaɓa. Kuma in akwai na'urar da ke amsawa da «danna ɗaya, danna biyu», a kashe ta na ɗan lokaci, domin muryar da za ta karanto lambobin ba ta iya danna komai.

Wani abu kuma: ranar aikin, mai layin ya zauna kusa da kai. Mun daɗe muna gaya wa iyayenmu kada su karanta wa kowa lambobin da suka shigo wayarsu, kuma gaskiya muka gaya musu. In ka bugo daga Yamai kana cewa, «Alhaji, ranka ya daɗe, wasu lambobi shida za su shigo yanzu, a karanto mini», Alhaji ya ce, «Ɗana, sai dai ka zo da kanka», shi ne mai gaskiya.

Mataki na uku: kwashe kayanka daga wurin tsohon dillali

Kafin dillali ya ji ƙishin-ƙishin ɗin tafiyarka har ya rufe maka ƙofa, sauke jerin abokan ciniki da tarihin hira, in akwatinsa na ba da dama. Kwafe rubutun kowane samfurin saƙo da sunansa da harshensa, musamman waɗanda ba kore ba, tunda da hannu za ka sake shigar da su. Ɗauki hoton allon bayanan lambar: tambari, adireshi, taƙaitaccen bayani. Kada ka manta da jerin waɗanda suka ce a daina turo musu talla. In wannan jeri ya ɓace, sabon akwati zai sake tura musu, su kuma su toshe ka ko su kai ƙararka, darajar da ka sha wahalar ɗaukowa ta zube cikin mako ɗaya.

Fayil ɗin da ka sauke sunaye ne da lambobin mutane. Ba abin yawo da shi a filashi ko jefawa a zauren ma'aikata ba ne, kuma a Nijar akwai hukumar HAPDP da ke sa ido kan bayanan mutane.

Mataki na huɗu: shirya sabon masauki

Sabon WABA ya zama a shirye tsaf kafin a taɓa lambar. Abu biyu ake nema. Na ɗaya hanyar biyan kuɗi, ko katin banki naku, ko layin bashin sabon dillali da zai haɗa muku. Tsohon asusun ma dole hanyar biyansa ta zama tana aiki, ba mai bashi a wuya ba. Na biyu webhuk, adireshin da Meta ke turo saƙonnin da suka shigo. In dillali ne, shi zai yi wannan. In naku injiniyan ne, ya haɗa manhajarku da sabon WABA ta subscribed_apps tun yanzu, in ba haka ba saƙonni za su riƙa zuwa babu mai tarbarsu.

Wajen buɗe sabon asusun za a tambaye ka irin kuɗi da yankin lokaci, kuma da zarar an haɗa hanyar biya ba a sake canza su. Lokaci dai na Yamai ne. Kuɗi kuwa, ni yuro nake ba da shawara in an ba ka zaɓi, domin sefa a ɗaure take da shi, yuro ɗaya kusan sefa 656, lissafin wata ba zai riƙa rawa da tashin dalar Amurka ba. Tun 1 ga Yuli 2025 Meta kan saƙonnin samfuri da suka isa take cajin kuɗi, saƙo-saƙo, farashin kuma ya danganta da ƙasar mai karɓa da nau'in saƙon, talla ne, ko sanarwar hidima, ko tabbatar da shiga. Ka tambayi sabon dillali ƙarara nawa yake ɗorawa a kan wannan.

Duba sunan lambar ma. Dole ya zama an amince da shi, kuma babu buƙatar canjin suna da ke jiran amsa. In kuna da niyyar canza suna, ku bari sai an sauka lafiya.

Mataki na biyar: kashe tabbatarwa mai mataki biyu

Wannan shi ne kwaɗon da ke ƙofar lambar, lambar sirri mai lambobi shida da aka sa ranar rajista. Muddin yana kulle, Meta za ta ƙi ƙaurar. Ana buɗe shi ne a WhatsApp Manager, shafin Meta na kula da asusun WhatsApp: sashen lambobin waya, saitunan lambar, sai shafin tabbatarwa mai mataki biyu, ka danna kashewa. Za a aiko da imel zuwa adireshin da ke haɗe da asusun, sai an danna mahaɗin da ke ciki kafin ya mutu. Ba a kashe shi ta API, hanyar da manhaja ke magana da Meta kai tsaye, ko injiniyanku ya kai wane. Don haka ka san tun wuri imel ɗin wa ne, kuma ana iya buɗe shi.

Idan WABA ɗin a hannun tsohon dillali yake, shi za ka rubuta wa ya kashe. Rubuta a taƙaice: lambar, sunan kamfani, ranar da kake so, da buƙatar ya tabbatar maka a rubuce in ya gama. Kuma kada ka bar ƙofar a buɗe kwana da kwanaki. A kashe ranar ƙaura, ko daren da ya gabace ta.

Mataki na shida: ƙaurar

Zaɓi lokacin da saƙo ya yi ƙaranci, bayan isha'i ko safiyar Lahadi. Ban da jajibirin sallah, ban da makon komawa makaranta in ku makaranta ce, ban da tsakiyar kakar albasa. A watannin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa, a cika kwamfuta da waya da caji, a tanadi intanet na layi na biyu. Dakatar da duk saƙon da aka tsara zai fita da kansa, ma'aikata kuma su rufe hirarrakin da ke buɗe, domin sabon akwati fayau zai zo, bai san wa ya yi tambaya ɗazu ba.

In ta hannun sabon dillali ne, zai ba ka mahaɗi da ke buɗe tagar Meta. Ka shiga da Facebook ɗinka, ka zaɓi uwar asusun da kuke da ita. A nan ake yawan zamewa: tagar na ba da damar buɗe sabuwar uwar asusu, mai sauri sai ya danna, daga nan lambar ta ƙi tahowa. Zaɓi tsohuwar, ka buɗe sabon WABA a ƙarƙashinta, ka rubuta sunan lambar daidai yadda yake a da, ka sa 227, lambar ƙasar Nijar, da lambobi takwas na layin, ka zaɓi saƙo ko kira, ka shigar da lambobi shidan da suka zo.

In injiniyanku ne zai yi da hannu, kira huɗu ne zuwa Graph API, da mabuɗin da ke da izinin whatsapp_business_management da whatsapp_business_messaging. Na farko zuwa phone_numbers na sabon WABA, da cc a matsayin 227, da lambar, da migrate_phone_number a kan true. Amsar za ta zo da sabuwar lambar shaida ta layin, a rubuta ta a ajiye. Na biyu request_code a kan wannan sabuwar shaida, a zaɓi SMS ko VOICE da harshen da za a karanto. Na uku verify_code da lambobi shidan. Na huɗu register, tare da sabuwar lambar sirri mai lambobi shida, wadda ita ce ke mayar da kwaɗon.

Har zuwa kira na huɗu tsohon asusu na aiki yadda ya saba, kana iya tsayawa in wani abu bai yi maka ba. Da zarar rajista ta shiga, tsohon ya saki, sabon ya kama, abokan ciniki ba za su ga komai ba.

Saƙon tabbatarwa daga waje yake zuwa, wani lokaci yakan yi nawa. Jira ƴan mintuna, in shiru ka koma kira. Kada ka yi ta dannawa don haushi. Rajista sau 10 kawai ake yarda a gwada cikin awa 72, wanda ya wuce haka zai ga kuskure mai lamba 133016, ya zauna jiran kwana uku.

Mataki na bakwai: gwaji, kafin kowa ya tafi gida

Lambar waya ba ta canza ba, amma shaidarta a wurin Meta ta canza, ta WABA ma haka. Duk inda manhajarku ta rubuta tsofaffin, a musanya: sabar tura saƙo, manhajar rasiɗi, shafin intanet. Sau da yawa akan gyara babbar manhaja a manta da wani ƙaramin aiki da ke tashi sau ɗaya a wata.

Ɗauki wayarka ta kanka ka tura wa lambar sallama, ka ga ta shigo sabon akwati. Amsa daga akwatin. Sannan tura samfurin saƙo zuwa wata wayar da ba ta yi muku magana ba cikin awa 24 da suka wuce, domin wannan ne ke nuna ko biyan kuɗi na aiki. Amsa cikin awa 24 ba ta buƙatar samfuri, za ta wuce ko da katin bai zauna ba, ta ruɗe ka. In ka ga 131042, matsalar hanyar biya ce. In 132001 ne, samfurin bai taho ba, ko an kira shi da harshen da ba nasa ba, misali an rubuta shi da Hausa a ƙarƙashin ha, manhaja na neman fr.

Jera samfuran da suka iso kusa da jerin da ka kwafa, ka sake shigar da waɗanda suka ɓace. Waɗanda aka kwafo sun zo da amincewarsu, amma awon ingancinsu daga farko yake somawa, shi ya sa ban ga hikimar tura talla ga mutum dubu goma washegari ba. A fara da sanarwar hidima, talla ta biyo baya kaɗan-kaɗan. Sake haɗa kundin hajoji, duba tambari da adireshi, shigar da jerin waɗanda ba sa son talla. Mahaɗin wa.me da ke jikin allon shago zai ci gaba da aiki tunda lambar ce a cikinsa, amma in gajeren mahaɗi ne ko tambarin QR da tsohon dillali ya ƙera a kan nasa shafin, zai mutu ranar da kuka rabu, a gwada kowanne.

 

Rufe tsohon wuri

Ƙaurar lamba ba ta soke yarjejeniyarka da tsohon dillali, kuɗin wata zai ci gaba da fita sai ka soke da kanka, a rubuce. Ka sa ran takardar kuɗi ta ƙarshe: saƙonnin da aka tura kafin ƙaura a kansa Meta ke lissafa su, ko da sun isa bayanta, shi kuma zai juyo kanka. Bayan mako guda komai na tafiya, kuma an biya wannan, shiga saitunan uwar asusu ka cire shi daga jerin abokan hulɗa, ka cire duk ma'aikacin da ya bar aiki, ka tabbatar mutum biyu na cikin gida ke da cikakken iko, ba ɗaya ba. Sabuwar lambar sirri a rubuta ta a takarda, a sa a ambulan tare da bayanan layin, a ajiye inda ake ajiye RCCM. Sim ɗin kuma a bar shi cikin ƙaramar waya a ofis, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin sa masa kuɗi da yin kira da shi duk farkon wata.